Mukullin Sifana

Mijina aikinsa duba motocin da suka mutu. Kamfanin inshora yake yi wa aiki, duk motar da ta yi hatsari shi ake turawa ya je ya zagaya ta, ya ɗauki hotuna, ya faɗi ko za ta gyaru ko sai dai a miƙa wa masu yanka ƙarfe. Ya daɗe a kan aikin har ya daina ganin mota yadda kowa yake ganinta. In muna tafiya a titi na ce, "Dubi fentin waccan, ya yi kyau," sai ya ce, "Irinta in aka buge ta ta gefe, ƙofar har cinyar direba take shigowa." To kun ji irin hirar da nake sha a gidan aurena.

'Yarmu ɗaya ce. Tana da sunanta mai kyau da na zaɓa mata da kaina, amma ba wanda yake kiranta da shi, sai dai Sifana. Laifin ubanta ne. Muna da wata tsohuwar mota da muke kira Mai Tari, don ba ta taɓa tashi da safe ba sai ta yi tari ta tayar da maƙwabta. Duk ranar Asabar yakan shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ya kwanta, yarinyar kuma ta tsuguna a gefe tana miƙa masa kayan aiki. Tun ba ta iya karatu ba ta san lambobin sifana. Da ta girma sai abin ya juya, ita ce a ƙasa, shi yana miƙo mata.

Mutumin nan a teburin cin abinci sai ka rantse bebe ne. In ka samu "to" da "madalla" daga bakinsa ka gode wa Allah. Amma da zarar ya shiga ƙarƙashin Mai Tari, bakinsa ya buɗe ke nan. Tagar kicin ɗina tana kallon inda ake ajiye mota, ƙafafu huɗu kawai nake gani sun leƙo, amma ina jin komai. A can ya ba ta labarin mahaifinsa, wanda ni kaina ban taɓa ji ba. A can ta gaya masa ta faɗi jarrabawar lissafi, da zancen wani yaro da yake tare ta a hanyar makaranta. Ni uwarta sai dai in tsinta ta taga. Ba zan ɓoye ba, abin yana ɗan sosa min rai, amma ina jin daɗinsa fiye da yadda yake sosa ni.

Da ta cika sha takwas ta karɓi lasisi, saura mata shekara guda ta tafi karatu can nesa, inda ba a zuwa a dawo a yini. Dukkanmu mun san Asabar ɗin da suka rage mata da ubanta ba su da yawa. Abu ɗaya ta roƙa, a bar mata Mai Tari. Sun ma gama shiri, kafin ta tafi za su sauke injin gaba ɗaya su wanke, su canza abin da ya cinye, su mayar, su biyu kawai ba makanike. Har ta fara tara kayan gyara a wani kwali a ƙarƙashin gadonta, yau fanbel, gobe fulogi, kamar mai tara kayan ɗaki.

Sai wata rana ya dawo daga aiki bai taɓa abinci ba. Na matsa masa, da ƙyar ya ce an tura shi duba wata mota irin Mai Tari sak, har launin. Yarinya ce ke tuƙi. Ya ce takalminta ɗaya yana nan a ƙarƙashin birki.

Ba a yi sati biyu ba muka ji hon ɗin da ba mu sani ba a bakin ƙofa. Muka fito ni da Sifana. Wata doguwar baƙar mota ce ta shigo a hankali, ko ƙarar injinta ba a ji, irin wadda manyan mutane suke hawa su gaji su sayar. Ta hannu ce, ta kwana biyu, amma an goge ta sai sheƙi take. Maigida ya fito yana murmushi har kunne, rabon da in ga haƙoransa haka na manta. Wallahi ko da wasa bai shawarce ni ba, da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Ya miƙa wa yarinyar mukulli. "Taki ce."

Ta karɓa. Ta dubi motar, sannan ta dubi inda Mai Tari take kwana, babu komai sai tabon baƙin mai a siminti.

"Baba, ina Mai Tari?"

"Na haɗa wa dillalin motar da ita, na cika kuɗi." Ya daki rufin sabuwar da tafin hannu. "Kin ga wannan? Na ga irinta ta wuntsila cikin rami, mai ita ya fito da ƙafarsa yana neman wayarsa. Jakar iska mai tare mutum in an yi karo ta ko'ina, gaba da gefe har gwiwa."

"Na gode, Baba."

Ita ke nan. Na san muryar 'yata, wannan godiyar irin wadda ake yi wa baƙo ce. Shi kuwa bai ji ba, yana ta nuna mata abubuwa. Kujerun fata, madubin da yake naɗe kansa. Ya sa ta zauna ta gyara kujera daidai tsawonta, ya danna wani maɓalli. Ya ce mukullai biyu ne, kowanne motar ta san mai shi, in aka buɗe da nata kujera za ta matso gaba da kanta, in da nasa ne ta ja baya. Ni dai ina tsaye na harɗe hannu, a ranar na raɗa wa motar suna Gimbiya.

Sifana ta ce a buɗe mata bonet. Aka buɗe. Babu abin gani, wani baƙin murfin roba ne ya rufe injin ruf daga wannan gefe zuwa wancan. Ta zagaya, ta leƙa, ta sa hannu ta lalluba.

"Ta ina ake duba baƙin mai?"

"Ba a dubawa," in ji shi, da alfahari ma. "Ita take faɗa da kanta a allo."

Ta mayar da bonet ɗin a hankali ta goge hannunta a riga, ko da yake babu abin da ya taɓa shi.

Gimbiya kuwa akwai faɗa da kanta, ba ta gajiya. Yau wutar rawaya ta kama a allo, gobe ta yi ƙara kamar agogon tashi, jibi mu tashi mu tarar ta durƙusa ta baya ɗaya kamar mai ciwon ƙugu. Makaniken unguwa da ya san Mai Tari ciki da waje ya leƙa sau ɗaya ya ce shi ba ruwansa, a kai wa mai kwamfuta. Garejin mai kwamfuta yana can ƙarshen gari, kuma maigida ba shi da ranar hutu sai Asabar.

Asabar ɗin farko tare suka je. Da suka dawo na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce akwai ɗakin jira mai sanyi da kujeru da talabijin, da katon gilashi tsakaninka da inda ake aiki, an rubuta ba a shiga. Ta ce sun zauna tun safe har rana ta take suna kallon wani yana danna kwamfuta a kan cinyarsa.

"Me kuka tattauna?"

"Ba komai, Mama. Ya karanta jarida."

Ba ta sake binsa ba, shi ma bai ce ta zo ba, wai kada ya ɓata mata lokacin karatu. Haka Asabar ta koma a gidan nan. Ya fita da sassafe da Gimbiya, ita ta rufe ɗaki, ni kuma in tsaya a tagar kicin ina kallon siminti.

Na yi magana, kada a ce ban yi ba. Na ce, "Baban Sifana, ka sayo mota ko ka sayo mara lafiya? Yarinyar nan tafiya za ta yi, kai kana can kana jinyar ƙarfe." Ya ce da zarar an gama gano matsalolinta shi ke nan, za a huta. Motar da ta shekara goma a hannun wani, yaushe za a gama gano matsalolinta?

Ranar da abin ya lalace yana wajen aiki. Sifana za ta fita, Gimbiya ta ƙi tashi. Na ga yarinyar ta tsaya ta kasa kunne, ta sake murzawa, sai fuskarta ta washe, rabon da in ga haka tun zamanin Mai Tari. Ta ce, "Batir ne, Mama." Ta shiga sito ta jawo akwatin kayan aiki. A gaba ta nema ba ta samu ba, ashe a but, can bayan motar, aka ɓoye shi, ƙarƙashin shimfiɗa. Ta je ta sayo sabo irinsa, ta cire tsohon ta ɗaura, tana yi tana 'yar waƙa. Hannunta ya yi baƙi, har da goshi. Motar ta tashi da murzawa ɗaya.

Sai dai allon ya cika da wuta, ja da rawaya, kamar shagon kayan lantarki. A cikinsu har da ta jakar iska. Ta kashe ta kunna, suna nan. Ta ce bari Baba ya dawo su duba tare, kuma na ga har daɗin hakan take ji.

Ya dawo da yamma, ta tare shi tun daga ƙofa tana ba shi labari. Ya leƙa ya ga allon. Idonsa bai sauka a ko'ina ba sai a kan wutar jakar iska, abin da ya sayi motar dominsa. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba tun haihuwarta, ranar sai da maƙwabta suka ji.

"Wa ya ce ki taɓa? Wa ya sa ki? Kin san abin da kika kashe? In kika fita wani ya buge ki, me zai tare ki? Wannan ba irin wasan da muke yi da waccan gwangwanin ba ne. Kada ki sake sa hannunki a motar nan."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dube shi kawai, ta sunkuya ta tattara sifanun ɗaya bayan ɗaya, ta goge kowanne ta sa a gurbinsa yadda ya koya mata. Ta rufe akwatin ta mayar sito. Ina jin ta a banɗaki tana wanke hannu, ta daɗe ruwa yana zuba.

Da muka shiga ɗaki na wanke shi tas. Na ce, "Wasa? Shekara goma sha wani abu kana kwance da yarinya a kan kwali, yau ya zama wasa? Gwangwani?" Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Ya ce shi takalmin nan yake gani. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Ranar Asabar ya kai ta gareji, bai daɗe ba ya dawo. Ashe babu abin da ya lalace. Irin waɗannan motocin in an canza musu batir sai an jona kwamfuta an sanar da su, shi ke nan, wutar duk ta mutu kafin ya gama shafin farko na jarida. Yarinyar ba ta yi kuskuren komai ba.

Na ce, "To sai ka je ka gaya mata."

Ya je. Ina bayansa a baranda ina ji. Ya ƙwanƙwasa, ta buɗe. Ya yi gyaran murya, ya dubi ƙasa, ya dubi sama.

"An gyara motar."

"Na gode, Baba."

Ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya juyo. Na so in jefe shi da ludayin da ke hannuna. Amma na san matsalarsa. Mutumin nan bai iya magana a tsaye ba, bai iya ido da ido ba. Sai yana kwance yana kallon cikin mota, hannunsa yana aiki, sannan maganar take fitowa. Gimbiya kuwa ƙasa-ƙasa take, cikinta ma a rufe yake da faranti, ko kyanwa ba ta shiga.

Sai ya koma ba da haƙuri da abin da ya iya. Ya canza mata tayoyi huɗu tun ba su cinye ba. Ya sayo man goge fata yana bin kujeru da tsumma. Kullum da safe kafin ya tafi aiki sai ya wanke gilashi ya duba iskar taya. Ya zo ƙofarta ya ce, "An sa miki sabon birki." Ta ce, "Na gode, Baba." Na ji "na gode, Baba" a shekarar nan har na tsani kalmar.

Wata Asabar ya fita ba da mota ba, bai dawo ba sai la'asar, takalminsa duk tsatsa da laka. Ashe wajen dillalin ya je neman Mai Tari. Dillalin ya ce ai ba ta kwana uku a hannunsa ba, wa zai saya, masu yanka ƙarfe ya ba. Ya bi ta har filinsu, filin da shi da kansa yake tura motocin mutane. Ya same ta. An cire injin, an yanke rufin, an ɗora wata a kanta. Ya ce da lambar kawai ya gane ta.

Na ce, "Gaya mata ka nema. Ko wannan kaɗai ta sani."

"In ce mata me? In ce na ga gawarta?"

Na so in gaya mata da kaina, ya roƙe ni kada in yi, wai zai samu lokacin da ya dace. Lokacin bai zo ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, don ba na son zalunci. Shekara guda Sifana tana tuƙa Gimbiya, makaranta da kasuwa da gidan ƙawaye, ko ƙwarzane ba ta samu ba. Kullum lafiya take fita, lafiya take dawowa. Abin da ya nema ya samu. In wuta ta kama a allo sai ta ajiye masa mukulli a tebur ta ce, "Baba, ta sake kunna wuta," kamar mai kai rahoton 'yar wani.

Ranar tafiyarta da safe muka raka ta tasha. Kafin mu fita ta ajiye mukullinta a kan teburin cin abinci. Ya ce ta tafi da shi mana, ai motarta ce, tana nan tana jiranta. Ta ce, "Ka riƙa hawa, Baba, kada batir ya mutu." A tasha ta rungume ni, shi kuma ya kama jakarta yana ta duba ko zif ɗin ya rufu. Da na dawo ina share ɗakinta na ci karo da kwalin nan a ƙarƙashin gado, fanbel da fulogi suna nan a ledarsu. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a tasha ba.

Tana kira, ba ta yar da mu ba. Yawanci ni take kira, in miƙa masa su gaisa, ya tambayi karatu, ta ce lafiya, ya dawo min da waya. Wata Asabar da hantsi ni na kira ta, na sa a lasifika don yana zaune kusa yana shan shayi. Ta daɗe ba ta ɗauka ba, da ta ɗauka kuma tana haki.

"Mama, ba zan daɗe ba, hannuna duk mai ne."

"Man me kuma?"

Ta yi dariya, irin dariyar da na daɗe ban ji ba. Ta ce akwai wani dattijo a bayan masaukinsu mai tsohuwar motar raba burodi, kullum a buɗe take. Tun tana wucewa tana leƙe har ya fara cewa ta miƙo masa abu. Yanzu duk Asabar can take yini. Yau ma injin za su sauke gaba ɗaya.

Maigida ya ajiye kofin shayin.

"Ya ce hannuna ya faɗa," in ji ta. "Har ya tambaye ni wa ya koya min."

Maigida ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Me kika ce masa?"

Ashe ba ta san yana ji ba. "Na ce Babana."

Na zungure shi da gwiwar hannu, ga dama ta samu, faɗi abin da ka riƙe shekara guda. Ya buɗe baki.

"Kin sa wa wayoyin alama kafin ki cire?"

"Na sa, Baba."

"Ƙusoshin kan injin kuma, kada ki kwance su a jere. Daga waje za ki faro, ki riƙa tsallakawa."

"Na tuna."

"Sifana, ni dama..."

Sai muka ji muryar wani tsoho daga nesa yana kira, yana cewa 'yata zo ki riƙe min nan. Ta ce, "Baba, ana jirana, sai anjima." Wayar ta mutu.

Ya zauna yana kallon wayar a kan tebur har ta yi duhu. Can ya miƙe ya ce Gimbiya ta kunna wuta tun jiya, bari ya kai ta. Mukullai biyu suna rataye a ƙusa ɗaya bayan ƙofa. Ina kallo ya tsallake nasa ya ɗauki nata.

Na bi shi waje. Yana buɗe motar kujera ta yi 'yar ƙara ta taho gaba, ta ɗago sama, madubai suka sunkuyo daidai tsawon yarinyar. Mutum ne dogo. Da ƙyar ya cusa kansa, gwiwoyinsa suka tokare ƙarƙashin sitiyari, kansa yana gogar rufi.

Na ce, "Danna abin nan mana ta ja baya. Haka za ka tuƙa har ƙarshen gari?"

Ya ce, "Bar ta haka."

Na buɗe masa ƙofar gida ya fita da baya a hankali, a takure, yana leƙen madubin da ba a saita don idonsa ba. Tun daga ranar bai sake taɓa nasa mukullin ba, yana nan a ƙusa ya yi ƙura.